Hoton Mama Ozella Ya Fi Ta Gata

Matakala goma sha uku ce tsakanin kicin ɗin gidan Tibbs da ɗakin ƙasa inda aka ajiye Mama Ozella, kuma ko ɗaya ba ta taka da ƙafarta ba. Ɗanta Lamont ne ya saɓo ta ranar da aka sallamo ta daga asibiti, yana nishi yana cewa, "Sati biyu kacal, Mama, kafin mu gyara miki ɗakinki." A farkon Disamba ke nan, dusar ƙanƙara ta rufe garin Toledo ruf. Gidan nan nata ne, ita da marigayi mijinta suka saye shi, amma tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita sai ta koma kamar baƙuwar da ta wuce kwanakinta.

Ciwon ya cinye mata ɓarin dama gaba ɗaya. Baki ya karkace, miyau na zuba, magana ta zama gurnani sai wanda ya kasa kunne da haƙuri ne zai tsinci kalma biyu a ciki. Hankalinta kuwa ras yake, kuma wannan shi ne babban tashin hankalin. A satin farko a asibiti, da ta ga fuskarta a madubi, ta fashe da kuka ta ce da ƙyar, "Kada kowa ya gan ni haka." Sau ɗaya ta faɗa, cikin zafin ciwo. To, wallahi ban taɓa ganin maganar uwa da aka yi wa biyayya irin wannan ba. Lamont da matarsa Charisse, waɗanda ko rufe taga ta ce a yi sai an yi gardama, suka ɗauki wannan kalma ɗaya suka mai da ita doka.

Sati biyu suka wuce, aka gyara ɗakin kuwa. An yi masa sabon fenti, an sa fitilu masu haske, Charisse ta jera kayan gyaran gashi, mata suka fara zuwa kitso. Mama Ozella tana jin takunsu a saman kanta. A ƙasa akwai gado, da bokiti mai murfi, da injin wanki, da wata 'yar taga can kusa da rufi wadda ba a ganin komai ta cikinta sai tayoyin mota. Bututun ƙarfe na ɗumama gida ya bi ta gefen gadon ya haura sama, kuma duk abin da aka faɗa a kicin ta nan yake gangaro mata.

Abu ɗaya take so, kuma ba babba ba ne. A cocinmu, kamar kowane cocin baƙar fata da na sani, akwai takardar marasa lafiya da waɗanda ciwo ya kulle a gida. Kowace Lahadi a karanta sunayen a gaban jama'a, a yi musu addu'a, sannan iyayen coci, wato tsofaffin matan da ke zama a layin gaba, su raba gidajen a tsakaninsu. Su je da dafaffen ganye da burodin masara, su share ɗaki, su taje wa mai jinya kai, ran Lahadin farko na wata kuma su kai masa jibin Ubangiji, wato burodi da ruwan inabin ibada, har gado. Shekara arba'in da ɗaya Mama Ozella tana cikin masu zuwa. Yanzu so take a sa sunanta a takardar nan, ƙawarta Verlene Hubbard ta zo ta gan ta.

Ta yi kwana uku tana haɗa kalmar a bakinta kafin ta iya fitar da ita. Lamont ya sauko da kunun masara da safe, ta riƙe masa hannun riga da hagunta.

"Ta...kar...da," in ji ta. "Ver...lene."

Ya gane sarai, don ya kau da kai. "Haba Mama. Takardar nan ai ta waɗanda ba su da kowa ce. Ke kina da ni. So kike a ce Lamont Tibbs ya kasa riƙe uwarsa sai da coci ya sa hannu? Kuma ke da bakinki kika ce kada kowa ya gan ki."

Ta girgiza kai iya ƙarfinta.

"Kin gani ko, kin gaji," ya ce, ya ajiye kwanon a inda hannunta ba ya kaiwa, ya haura.

Gaskiyar maganar, wadda ba ya faɗa, ita ce an kusa naɗa shi dattijon coci, kuma shi ke kula da majigi da lasifika ran Lahadi. In tsofaffin nan suka shigo suka ga inda ya ajiye uwarsa, suka shaƙi warin ɗakin, to naɗin ya sha ruwa. Don haka da mutane suka fara tambaya, sai ya ce likita ya ce sanyin nan ba zai bar ta ba, an kai ta can kudu, jihar Mississippi, wurin dangin Charisse tana shan rana. Sai dai ƙarya ɗaya ba ta tsayuwa da ƙafarta. Mama Verlene ta ce a ba ta lambar waya. Aka ce can ƙauye ne, layi ba ya shiga. Ta ce to a kawo mata ko hoto ne ta gani.

Charisse ce ta samo dabarar, wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira da ke sa hoto ya motsa. Wata ranar Asabar da hantsi Mama Ozella tana kwance tana kallon tayoyin mota, sai ta ji wata murya ta gangaro ta bututu, garau, mai zaƙi, da 'yar dariyar nan a ƙarshe.

"Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ina nan lafiya ƙalau. Kada ku damu da ni."

Muryarta ce. Muryar da ta yi wata biyu tana nema a maƙogwaronta ba ta samu ba, ga ta can a kicin tana magana ba da izininta ba. Ta ji Lamont ya ce, "Kai! Tsigar jikina ta tashi." Charisse ta ce, "Addu'o'inta da ka ɗauka a coci na zuba masa, shi ke nan ya koya. Sake kunnawa mu ji." Suka sake, har sau shida.

Da rana Charisse ta sauko da wayarta, ta toshe hanci da bayan hannu, ta kara mata a fuska. Hoton bikin Ista ne na shekara uku da suka wuce: Mama Ozella a baranda, cikin riga shunayya da ƙatuwar malafa shunayya mai gashin tsuntsu. Hoton ya ƙifta ido, ya karkata kai, ya buɗe baki daidai ba karkace ba, ya yi murmushi.

"Kin ga yadda kika yi kyau, Mama?" in ji Charisse. "Mutuncinki muke karewa. Haka ya kamata mutane su riƙa tuna ki, ba haka ba." Ta nuna gadon da haɓa.

Mama Ozella ta runtse ido, hawaye ya bi ta gefen kunne ya shiga matashi. Charisse ta haura ta ce wa mijinta, "Har kukan daɗi ta yi."

Washegari aka haska shi a majigin coci. Da suka dawo ta ji labarin ta bututu: yadda aka yi tafi, yadda Fasto Whitlow ya ce Allah ya ba kowa ɗa irin Lamont, yadda Mama Verlene ta share hawaye ta ce alhamdu, Zella, kamar yadda take kiran Ozella, ta murmure. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mata ciwo. Tun suna 'yan mata a masana'antar gilashi suke tare da Verlene, kuma ga shi an rufe mata ido da hoto.

Daga nan hoton ya samu aiki. Ya taya wani murnar haihuwa, ya yi wa wata gaisuwar mutuwa, ya gode wa ɗansa Lamont da surukarsa Charisse, "waɗanda ba su taɓa gajiya da ni ba." Kowane saƙo da kalma ɗaya yake rufewa: kada ku damu da ni. Mutane kuwa suka ji magana, suka daina damuwa. A gidan ma sai aka fara cewa "Mama" ana nufin ta waya. Za ka ji Lamont ya ce, "Me Mama za ta ce wa Fasto ran bikinsa?" Charisse ta ce, "Bari in rubuta mata." Ita kuwa ta ƙasa sunanta ya koma "can ƙasa". An kai abinci can ƙasa? Waye zai zubar da bokitin can ƙasa?

Da fari ana juya ta sau uku a yini, kamar yadda asibiti suka ce. Ya koma sau ɗaya. Ya koma sai an tuna. Matar da asibiti ke turowa don motsa mata gaɓoɓi ta zo sau biyu, ta yi maganar matakala da rashin iska, Lamont ya buga waya ya ce sun gode, sun samu wata. Bayan Mama Ozella ya fara sabulewa, ƙugunta ya yi gyambo, zanin gado yana manne masa. In ƙishi ya dame ta takan buga cokali a jikin bututu. Wata rana Charisse tana da masu kitso uku, ta sauko a fusace.

"Mama, don girman Allah! Ina da baƙi. So kike su ce muna da aljani a gida?"

Ta ƙwace cokalin ƙarfen, tun daga ranar sai na roba ake kawowa.

Lamont yakan sauko wani lokaci ya tsaya a matakala ta uku daga ƙasa, ba ya ƙarasowa. Daga nan yake ba da uzurinsa, kamar wani ya tambaye shi.

"Kin san aiki ya yi mini yawa, Mama. Charisse ma mutum ce, ba ƙarfe ba. Wasu fa gidan tsofaffi suke kai nasu su manta, ni kuwa ga ki a gidanki. In kin ɗan ji sauƙi za mu mai da ke sama. Da bazara."

Bazara ta zo. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya tsattsafo ta bango, ɗakin ya ɗauki warin danshi a kan warin da yake da shi. Ta 'yar tagar nan ta ga ciyawa ta fito a gefen tayoyi. A coci aka ce likitan Mississippi ya ce ta ƙara ko da wata uku ne. Ba ta ci jibin Ubangiji ba tun Nuwamba, ita da ba ta taɓa tsallake wata ɗaya ba tun tana da shekara goma sha biyu. Takan ƙirga Lahadi da ƙarar takalman Charisse masu tsini. Ta yi fushi da ɗanta har fushin ya gaji, ta yi fushi da Verlene, ta yi fushi da kanta da ta buɗe baki a asibiti. Daga baya abin da ya rage mata tsoro ne kawai: kada ta mutu a nan, hoton ya ci gaba da gaishe da mutane, ba wanda ya san ta tafi.

Ran Asabar ta ƙarshen Mayu sai ga Charisse da waya, fuska a sake. Gobe Lahadin farko na Yuni, kuma ranar ce coci ke cika shekara saba'in. Fasto ya roƙi a samo saƙo na musamman daga Mama Ozella, a haska kafin a raba jibi.

"Saurara ki ji, wannan ya fi duka," in ji ta.

Hoton ya ɗaga kai a ƙarƙashin malafarsa ya ce, "Yau Lahadin farko, 'yan'uwa. Tun da asuba na yi wanka na shirya, ina zaune a nan zan ci jibi tare da ku a ruhu. Kada ku damu da ni."

Mama Ozella ta zaro ido. Shunayya! Ran Lahadin farko! Duk wanda ya tashi a cocinmu ya san iyayen coci fari suke sawa ranar jibi, fari fat tun daga malafa har safar hannu, ko ɗan kunne mai launi ba a yarda ba. Ita ce ma mai tsare ƙofa a kan wannan, ta sha mai da mata gida su sake kaya. Charisse ba a coci ta girma ba, a bayan aure ta shigo, can baya take zama tana latsa waya. Lamont kuwa shekara da shekaru yana kallon fararen kayan nan ta bayan na'urarsa, bai taɓa tambayar dalili ba. Kunya ta kama tsohuwa, ta buɗe baki za ta ce a'a, ba da wannan rigar ba, gurnani ya fara fita.

"Mene ne kuma?" in ji Charisse.

Wani tunani ya faɗo mata, ta haɗiye maganar, ta gyaɗa kai a hankali. Karo na farko ke nan da ta gode wa Allah da harshenta ba ya aiki.

Washegari da takalma masu tsini suka fita, mota ta tashi, Mama Ozella ta fara aiki. Ta kama ƙarfen gado da hagu ta ja jikinta, gyambon ya ɓalle daga zani, ta ga wuta a idonta, ta huta, ta sake ja. Tazarar ba ta kai kamu biyu ba, amma yadda jikin ya ƙara mutuwa, sai da ta ci mata safiya guda. Da ta isa inda hannunta zai kai ga bututu, ta duba zoben aurenta. Ramar da ta yi ta sa yana yawo a yatsa. Ta murza shi da haƙori ya zo daidai gaɓa, ta gwada sau ɗaya a jikin ƙarfen, ya ce ƙwal. Ta kwanta tana jira, ba ta da tabbacin kowa zai zo.

Sun dawo wajen ƙarfe biyu suna dariya. Lamont yana cewa an yi tafi har da tsayuwa. Ba a jima ba aka buga ƙofar gaba, bugun sanda, ba na hannu ba.

"Mama Verlene!" ta ji muryar Lamont ta canza. "Sannu da zuwa. Da kin faɗa ai da na zo na ɗauko ki."

"Mai tasi ne ya kawo ni, yana jira. Matsa in wuce, ƙafata ba ta son tsayuwa."

Sanda da taku suka ratsa falo suka shigo kicin, kujera ta yi ƙara. Charisse ta ce ko za ta sha shayi mai sanyi. Verlene ta ce ba shayi ya kawo ta ba.

"Lamont, yaushe aka ɗauki abin nan da ka haska mana?"

"Yau da safe, Mama. Da sassafe suka turo."

"Yau da safe. Ran Lahadin farko. Zella ta yi wanka ta shirya wa jibi, ta sa shunayya."

"Ai kin san can ƙauye ne, ba ta tafi da kaya da yawa ba."

"Rufe mini baki, ɗan nan! Ni na yi maka wanka kana jariri. Shekarar da aka yi wa uwarka aiki a ciki, Lahadin farko ya same ta a gadon asibiti, sai da ta sa aka yafa mata farin zanin gado a ka kafin ta karɓi jibi. Matar nan ko tsirara za ta zauna ba za ta sa launi yau ba. Na yi shiru da na ga riga ɗaya tun Janairu, na ce ko tsufa ne. Yau kam na san ba Zella ba ce. Kira mini ita yanzu, in ji ta ta amsa abin da zan tambaye ta."

"Layin ne ba ya..."

Mama Ozella ta ɗaga hannu ta buga. Ba bugun neman ruwa ta yi ba. Akwai yadda take buga diddige a dandamalin coci in za ta ɗaga tsohuwar waƙar da ake rabon jibi da ita: biyu a jere, a dakata, ɗaya mai nauyi. Shekara arba'in Verlene tana gefenta tana jin bugun nan a tafin ƙafarta. Ƙwal, ƙwal. Shiru. Ƙwal.

Bugun ya haura ta bututu har kicin.

"Injin ɗumama gida ne," in ji Charisse da sauri. "Haka yake yi, mun kira mai gyara."

"A watan Yuni?" in ji Verlene.

Ƙwal, ƙwal. Shiru. Ƙwal. Ba ta fasa ba. Sai ta ji amsa daga sama, sanda a kan daɓe: biyu a jere, a dakata, ɗaya mai nauyi.

"Buɗe ƙofar nan, Lamont."

"Mama Verlene, ita ce ta ce kada kowa..."

"Ka buɗe ko in fita tsakiyar titi in tara maka unguwa."

Shekarar Verlene tamanin da ɗaya, gwiwarta ɗaya ta ƙarfe ce, amma ta sauko matakalan nan goma sha uku ɗaya bayan ɗaya, cikin fararen kayanta. A ta bakwai warin ya tare ta, ta tsaya, ta ci gaba. Da Mama Ozella ta hango farar malafar, abin da ta yi wata shida tana roƙo, sai ta ɗaga hannun nan mai zobe ta rufe fuskarta. Kullum ana gaya mata fuskar abin ɓoyewa ce, har ta yarda.

Verlene ta jingine sanda, ta zauna a bakin gadon da ya jiƙe, ta kama hannun ta sauke shi.

"Cire hannunki in gan ki, ke 'yar rainin hankali. Da can ma wa ya ce miki kyakkyawa ce?" "Zella. Wayyo Zella. Ina can ina yi wa bango tafi."

Ta ciro farin mayafin kafaɗarta ta lulluɓa mata a ka. Ta buɗe jaka ta fito da ɗan kofin jibi da ta ɓoyo daga coci, wanda ta ƙi sha da ta ga malafar shunayya. Ta ɓalli burodin da ta haɗo da shi ƙanƙane ta sa mata a harshe, ta tallafi kanta ta ɗiga mata ruwan inabin. Rabi ya bi ta gefen bakin da ya karkace ya zuba a farin mayafi. Verlene ba ta goge ba.

Lamont yana tsaye a matakala ta uku daga ƙasa, inda ya saba.

"Ba ku san wahalar jinya ba," yake cewa. "Kowa ya iya zuwa na awa ɗaya ya yi kuka. Mu muke da ita dare da rana. Don mutuncinta muka yi. Da ma wannan satin za mu mai da ita sama."

Mama Ozella ba ta ko dube shi ba. Ta ja hannun rigar Verlene. "Ta...kar...da."

"Na ji," in ji Verlene. "Da hannuna zan rubuta."

Motar asibiti ta zo kafin la'asar. Mutum biyu suka fito da ita ta matakalan da ba ta taka da ƙafarta ba, ta ratsa ta gaban tsohon ɗakinta ta ga kawunan roba sanye da gashi jere a inda gadonta yake a da. Likita ya duba bayanta ya ce gyambon ya riga ya shiga jini. An karanta sunanta a coci Lahadi biyu a cikin marasa lafiya. Iyayen coci suka yi ta zuwa bi da bi, suka taje mata kai, suka shafa mata mai, ba wadda ta kau da ido daga fuskarta. Kwana goma sha tara ta samu na abin da ta roƙa. A Lahadi ta uku aka karanta sunan a cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Kuna tsammanin an yi wa Lamont wani abu? An dai ɗage naɗinsa "zuwa wani lokaci". Wasu suka ce sai wanda ya yi jinya ya san jinya, wasu suka ce kada a tona asirin gida ana cikin makoki. Mu da muka yi wata biyar muna tafi, kowa ya fi son a bar maganar, don in aka tono ta har da mu a ciki. Titin gidan nan muke bi kullum. Ba wanda ya taɓa cewa bari in ƙwanƙwasa in ga ko furannin barandarta suna samun ruwa.

Ranar jana'iza coci ya cika maƙil. An rufe akwatin gawar ba a nuna fuskarta ba, Lamont ya ce haka ta so. Bayan wa'azi ya tashi da jajayen idanu ya ce akwai saƙo na ƙarshe, ya koma bayan na'urarsa. Majigi ya haska. Ga ta nan a baranda, an mai da rigar da malafar farare tas, don an koyi darasi. Ta ƙifta ido, ta yi murmushi, ta gode wa ikilisiya, ta gode wa ɗanta. Mata suka fara shessheƙa. Wata a layi na uku ta dafa ƙirji ta ce da ƙarfi, "Ya Yesu, kamar tana da rai!"

Mama Verlene ta dogara sanda ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na bakin ƙofa sun ji.

"Wata shida tana da rai a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ba kamar ba, da ranta, tana jin ƙishi. A cikinmu nan wa ya je ya duba?"

Fasto ya sunkuyar da kai, Lamont ya daskare da hannu a kan na'ura, ya manta bai kashe ba. Hoton ya kai ƙarshe ya komo farko, ya sake ɗaga kai a saman akwatin, ya dube mu duka da murmushinsa.

"Ina nan lafiya ƙalau," in ji shi. "Kada ku damu da ni."